Katafila D6C: a sa mata injin Marsandi ko a farfaɗo da nata?

Alhaji Bala, Giwa: Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu sana'a. Katafila ce D6C, irin wadda ba ta da kulochi, ana canja mata giya tana tafiya. Ruwa na gangarawa cikin baƙin mai har man ya yi fari, kuma da ta yi awa guda tana tura ƙasa sai zafi ya hau. Shawara uku ce a gaba: a sa mata injin Marsandi 911 da ke hannu, ko a nemo injin Caterpillar 3306 na janareta a Panteka, ko a buɗe nata a yi ofahol. Aikin da ke jiranta share gona ne da gyaran ƙaramar madatsar ruwa kafin damina. Wanne ya fi?

Oga Ɗanjuma, Muciya: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin komai a turo lambar jikinta. Akwai ƙaramin faranti a bayan motar, akwai wani a jikin bulok ɗin injin. D6C ba iri ɗaya ba ce. An fara ta a 1963, kuma na farko, masu lamba 74A da 76A, injinsu D333 ne mai faɗin fistin inci 4.5, ƙarfin doki 120. Na baya, 10K da 99J, fistin ɗinsu inci 4.75 ne, doki 140, dangin 3306 ke nan. Idan 10K ce, kayan gyaranta sun cika kasuwa daga Panteka har Ƙofar Ruwa a Kano. Idan 76A ce, lissafin ya canja.

Isiyaku mai walda, Ɗanmagaji: Oga, ni ban ga abin wahala ba. OM352 na 911 doki 130 ne, na D6C 140. Doki goma kacal. Ga shi kowane bakanike a Zariya ya san injin nan ciki da waje, kayansa ko a Sabon Gari ka samu. A yanka faranti, a haɗa, a tafi aiki. Damina ba ta jiran kowa.

Injiniya Rabi, Samaru: Malam Isiyaku, 130 da 140 sun yi kusa a takarda, amma a duba a wane juyi kowanne ke ba da nasa. Na D6C yana ba da 140 ɗin ne a juyi 1,900 a minti. OM352 sai ya kai 2,800 kafin ya ba da 130. Abin da ke tura ƙasa kuwa ƙarfin murɗa ne. Ka ninka ƙarfin doki da 7,120, ka raba da juyin, zai ba ka murɗar da ma'aunin Nm. Na katafila ya fito 525, na Marsandi 330. Lita 10.5 ne da lita 5.7, babu yadda za su zo ɗaya.

Sannan tsakanin injin da giya akwai kwanbata, wadda ke miƙa ƙarfi ta cikin mai, kuma daidai da injin 1,900 aka ƙera ta. Nauyin da take ɗora wa inji ba a hankali yake hawa ba: juyi ya ninka biyu, nauyin ya ninka huɗu. Da zarar bakin katafilar ya cika da ƙasa, kwanbatar za ta danne Marsandin zuwa juyin da wajen rabin ƙarfinsa kawai yake iya fitarwa, sai hayaƙi da zafi. In kuma babu kaya ka sake shi ya kai 2,800, famfunan mai da sarƙa za su yi gudun da ya zarce nasu da kusan rabi.

Isiyaku mai walda: To a sa mai tobo mana, Injiniya. Ko Cummins 6BT.

Injiniya Rabi: 6BT ya fi kusa. Wanda ke ba da doki 160 murɗarsa na kai wajen 540 a juyi 1,700, amma ƙololuwarsa ke nan, shi kuwa 3306 a 525 yake yini, kuma in aka danne shi murɗar ƙaruwa take yi. In dole sai Cummins, 6CT mai lita 8.3 ya fi dacewa, yana da silib da ake cirewa, wato bututun ƙarfen da fistin ke hawa da sauka a ciki, 6BT kuwa babu. Sai dai duk ba nan gizo ke saƙar ba. Oga Ɗanjuma ya faɗa muku abin da ke bayan injin.

Oga Ɗanjuma: Filawil shi ne faifan ƙarfe mai nauyi da ke juyawa a bayan inji. Gidansa a katafila ba murfi ba ne kawai irin na mota. Akwai mai a ciki, akwai famfon da ke kwashe man yana mayarwa giya, akwai haƙoran da ke juya famfo. Filawil ɗin kansa yana da haƙora ta ciki, su ke kama kwanbatar. Ka cire injin da gidansa, ka cire duk wannan. Faranti guda ba ya maye gurbinsu, Isiyaku, komai kyan waldarka.

Ga kuma kwanon baƙin mai. Mota kan titi take, katafila kuwa rabin aikinta hanci sama ne ko hanci ƙasa, musamman a bangon madatsar ruwa. Shi ya sa injinta ke da famfo na biyu da ke janyo mai daga ɗaya ƙarshen kwanon. Injin mota in ya daɗe a karkace, famfonsa iska zai zuƙa, metal ɗin da kirankishaf ke juyawa a kansa ya narke, kirankishaf ɗin ya tafi.

Sani injekta, Tudun Wada: Ku ƙara da gwamna, wato na'urar jikin injekta da ke daidaita juyin inji. Injektar manyan motoci da yawa gwamnanta ƙasa da sama kawai yake tsarewa, irin Bosch RQ, tsakiya kuwa ƙafar direba ce. Katafila tana son gwamnan da zai riƙe duk juyin da aka ajiye liba a kai, ya ƙara mai da kansa in kaya ya yi nauyi, irin RSV na tarakta. Na janareta kuma a 1,500 aka ɗaure shi saboda wuta. Wanda ya ɗora 3306 na janareta yadda yake, zai ga katafila ta zama ragguwa, ya ce injin ne ba shi da kyau.

Alhaji Bala: An duba, 10K ce. Ke nan na janareta ma babu?

Oga Ɗanjuma: Alhamdu lillahi, ka huta. Na janareta yana yiwuwa, amma ba ɗaukowa za a yi a ɗora ba. Gangar jikin ake so: bulok, kirankishaf, kwanrod, da tof, wato kan injin inda bawul suke. Sai a tuɓe masa gidan filawil, filawil, kwanon mai da famfonsa, murfin gaba, fanka, tobo da injekta, a mayar masa da na katafilar. Kafin a biya kuɗi a ajiye su gefe da gefe a gwada ramukan noti da bayan kirankishaf, domin sil ɗin baya na gida mai mai a ciki dabam yake da na busasshen gida.

A kuma lura, 3306 iri biyu ne. Akwai tsohon mai ƙaramin ɗakin ƙuna a cikin tof, mai hitar da ke ɗumama ɗakin kafin a tayar, fistin ɗinsa da ƙarfe a tsakiyar kai. Akwai na baya da nozul ke fesawa kai tsaye, fistin ɗinsa mai rami. Tof, fistin, nozul, injekta da saitin lokaci duk dabam. Ba a gauraya su. Wanda aka zaɓa, a bi shi har ƙarshe.

Amma ni, ranka ya daɗe, ban ga dalilin sayen inji ba tukuna. Ruwa a cikin mai ba mutuwa ba ce.

Malam Garba direba, Basawa: Zafin ma ba lallai daga injin yake ba. Man giya da na kwanbata ruwan injin ne ke sanyaya su. Yaro ya sa ta a giya ta biyu yana tura marmara cike da baki, kwanbata na zamewa, mai ya yi zafi, ya dafa ruwan. Tura mai nauyi giya ta ɗaya ce. A kalli agogon zafin kwanbata da na ruwa, wanne ke riga hawa. Sannan a haska fitila ta bayan lagireto, in haske bai fito ta gaba ba, ƙura da ƙaiƙayi sun toshe shi. Bayan hunturu kusan kowace haka take. Fanbel kuma in ya nutse har ya taɓa gindin fuli, ko ka ɗaure shi zamewa zai yi.

Injiniya Rabi: A tambaya kuma ko an cire tamostat, tunda al'adarmu ce a cire a jefar wai ƙasar zafi ce. A injin nan tamostat ɗin shi ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma famfo. Babu shi, ruwa da yawa zai riƙa zagayawa cikin injin bai je lagireto ba. Cirewar ce ke kawo zafin da ake gudu.

Oga Ɗanjuma: Ga yadda za a gano inda ruwan ke bi, kuma yini ɗaya ya isa. A zubar da mai, a sauke farantin cikin motar, a kwance kwanon mai. A cika lagireto da ruwa, a danna masa iska kaɗan, kada ta wuce bar ɗaya a agogon awon iska. Mutum ya kwanta a ƙasa da fitila.

In ruwa na ɗiga ta bayan silib, tsakaninsa da bulok, robobin ƙasa ne suka mutu. In ta cikin silib yake gangarowa ta gefen fistin, ko silib ɗin ya huje, ko tof ya tsage, ko gaskit. In daga sama yake zuwa ta ramukan da mai ke komawa, a buɗe murfin bawul a duba robobin ɗakin ƙuna. In daga gaba ne, famfon ruwa: haƙori ke juya shi, yana da ɗan rami a ƙasa da ruwa ke fita in sil ya lalace. Wasu sai su toshe ramin don kada ya ɗiga, ruwan kuwa ya nufi cikin mai. Kula, wato abin sanyaya baƙin mai, shi ma a cire a gwada shi dabam. Yawanci shi mai yake turawa cikin ruwa in inji na aiki, amma in an kashe, ruwa na iya komowa.

Nura, Kwangila: Baba Ɗanjuma, me ke huda silib alhali ƙarfe ne mai kauri?

Injiniya Rabi: Bari in amsa maka, Nura. Duk bugun fistin silib yana ɗan girgiza, sai ƙananan kumfa su taso a jikinsa ta wajen ruwa, su fashe. Fashewar tana ɓantarar ƙarfen kaɗan-kaɗan, a jere, a ɓangaren da fistin ke jingina, har rami ya zarce. Maganinsa sinadarin da ake zubawa a ruwan lagireto, wanda ke yi wa ƙarfen rufi, kashi 3 zuwa 6 cikin ɗari. Mu kuwa ruwan Kubanni ko na Galma ake ɗiba da bokiti a zuba. Ga laka, ga babu sinadari, ga murfin lagireto da ba ya riƙe iska, wanda shi ma yana ƙara kumfar. Tataccen ruwan sama ya fi na rijiya.

Oga Ɗanjuma: In ta kai ga ofahol, wuri ɗaya ne ke raba aiki mai ƙarko da na wata uku: tsayin silib a saman bulok. Dole ya ɗara kaɗan don tof ya danne shi. A injinan da ke da faranti tsakanin bulok da tof, tsakanin 0.03 da 0.17 na milimita, kuma maƙwabta biyu kada bambancinsu ya wuce 0.05. Ana aunawa da agogon awo, silib a danne, ba robobi. Farce ba ya wannan aiki. Na farkon 10K ba su da farantin, leɓen silib a cikin bulok yake zama, wurin kuma yana cinyewa ko ya tsage. In ya nutse, a kai wa masu sassaƙar ƙarfe su gyara mazaunin a sa shim. Wanda ya tsallake wannan zai canja gaskit sau uku yana zagin mai kaya.

Sauran: a auna kirankishaf kafin a sayi metal, a kai tof a gwada tsagewa, musamman tsakanin bawul da ɗakin ƙuna. Saitin bawul milimita 0.38 na shiga, 0.64 na fita, inji a kashe. Jerin bugu 1-5-3-6-2-4. Mai wajen lita 27, 15W-40, a canja duk awa 250. Tunda ruwa ya riga ya zaga cikin man, metal da tobo sai an duba ko da ƙaramar roba ce ta jawo.

Sani injekta: Kuma don Allah kada a ce tunda an buɗe a ƙara mata wuta. 3306 ɗin nan shi ne a D7G yana ba da doki 200, to sai wani ya ce a buɗe injekta ta kai haka. Giya da haƙoran ƙarshe na D6C, masu kai ƙarfi ga sarƙa, ba na 200 ba ne, lagireton ma haka. A saita ta a nata.

Gas kuma a kula. Akwai injektar Caterpillar ta shekarun 1970 da gas ɗin kansa ke cike da cikinta, shi ne man shafawarta. Gas mai ruwa ko wanda aka sirka da kananzir yana cinye ta. Durom ya kwana a tsaye kafin a ɗiba, kada a zuƙo daga gindi, a buɗe famfon ƙasan tanki kowace safiya, a cika tanki da yamma don kada raɓa ta taru a ciki. Inji mai hita kuma kada a fesa masa feshin tayar da inji (ether) hitar tana kunne.

Nura: To ke nan canjin inji bai da wuri ko kaɗan? Tsofaffin D4 masu ƙaramin injin fetur na tayarwa fa?

Isiyaku mai walda: Yauwa, nan ne fagena. D4 7U injinta D315, kayansa sun yi wuya, kuma kulochi ce da giya zalla, babu kwanbata. Perkins 4.236 na Massey Ferguson ko Cummins 4BT suna shiga. A yanka faranti mai kauri, a sassaƙa fuska biyu, a sa fil biyu na tsayarwa ban da notuna. A ɗora agogon awo a filawil a zagaya, karkata kada ta wuce 0.2 na milimita, in ba haka ba kulochi da bodin ɗin shaf ba za su yi damina guda ba.

Oga Ɗanjuma: A nan na yarda da kai, da sharaɗi biyu. A waɗannan ƙananan, injin yana cikin ƙashin bayan motar, sifirin da ke ɗauke da gaba a ƙarƙashinsa yake zaune. Perkins ba zai ɗauki wannan ba, sai an gina masa firam daga gidan giya zuwa gaba. Na biyu, D315 lita 5.7 ne mai juyi 1,400 zuwa 1,600, Perkins lita 3.9 ne. A daure juyinsa kusa da na asali, a haƙura da raguwar ƙarfi, a ƙara nauyi a gaba. 4BT mai tobo ya fi cike gurbin.

Sau da yawa ma ƙaramin injin fetur ɗin ne matsalar, ba babban ba. Ana kashe shi da makunni a bar famfon fetur a buɗe, girgiza ta sa fetur ya zubo cikin ɗan mansa, ya tsinke, ya ci metal. Ƙa'ida a rufe fetur a bar shi ya mutu da kansa. In ya gagara, ana mayar da ita kik na batir 24, idan gidan filawil na da mazaunin. Haƙoran filawil ɗin a karkace suke, sai an samo kan kik irinsu.

Malam Garba direba: Deutz mai sanyaya da iska fa? Babu lagireto, babu ruwa, babu hujewar silib.

Injiniya Rabi: A ƙaramar mota mai kulochi, F6L912 ba laifi. Amma ɗigon mai kaɗan ya haɗu da ƙurar share gona, fukafukan silinda sun toshe, kuma ba ya tafasa balle ka gani, sai dai fistin ya kama. Kullum sai an hure shi. A D6C kuwa babu ruwan da zai sanyaya man giya, sai an ƙirƙiro wata kula dabam. Masu tsofaffin Komatsu D60 da D80 su suka fi kowa sauƙi, domin injinsu NH220 Cummins ne da Komatsu ta ƙera da lasisi, danginsa na nan da yawa.

Isiyaku mai walda: Duk da haka ofahol da kayan kasuwar yanzu caca ce. Kwali ɗaya, kaya iri uku.

Oga Ɗanjuma: Gaskiya ne, shi ya sa ake zuwa da abin awo kasuwa. A sa ringi cikin silib a auna bakinsa, a ɗora fistin shida a sikeli, a gwada kaurin leɓen silib da na tsohon. Gaskit na tof, robobin silib da nozul, waɗannan uku a sayi na asali wurin dila ko da sauran na kamfanonin bayan fage ne. Injin janareta na Panteka ma ai ba ka san awa nawa ya yi ba, shi ma buɗe shi za ka yi.

Malam Garba direba: Alhaji, kafin ka kashe ko sisi a kan inji, a duba ƙafafunta. Wajen rabin kuɗin riƙon katafila a sarƙa, rola da sufroket, wato gargare mai haƙora da ke jan sarƙar, yake tafiya. A sa ƙarfe a haƙorin sufroket a ja baya kaɗan sarƙa ta miƙe, a auna gaɓa huɗu, daga fil na ɗaya zuwa na biyar, a kauce wa fil ɗin haɗi. Sabuwa gaɓarta milimita 203 ce, huɗu 812 da ɗoriya. In ta kai wajen 825, ta ƙare. Haƙoran sufroket in sun yi tsini, su ma haka. A kwance noti na ƙasan gidan haƙoran ƙarshe, hagu da dama, a tara man a farin kwano. Ɗan ƙyalli ba komai, gutsattsarin ƙarfe kuwa wani ofahol ne da ya fi na inji tsada. A sa ƙarfe a ɗaga sufroket a ji ko yana motsi.

Alhaji Bala: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gobe za a sauke kwanon a auna sarƙar. In aka yi ofahol, kwana nawa za ta yi tana aiki a tsaye kafin a sa ta ƙasa?

Oga Ɗanjuma: Ko yini ɗaya kada ta yi. Kafin a tayar, a juya injin da kik ba gas har agogon mai ya motsa. Ta tashi, minti goma zuwa sha biyar a duba ɗigo da ƙara, sai a fita da ita ta fara tura rabin baki, a riƙa ƙarawa cikin awannin farko. In aka bar sabon ringi yana juyi ba kaya, silib zai yi santsi, ta riƙa shan mai har abada. Bayan awa hamsin a zubar da man, a yanka filta a buɗe takardar a duba, a sake saitin bawul. Man giya kuma ba 15W-40 ba ne, TO-4 mai lamba 30 za a nema, in ba haka ba farantan cikin giyar za su fara zamewa. Ku turo hoton ƙasan silib ɗin da ruwan ke ɗiga, da lambar da ke jikin injekta, Sani ya faɗa muku irin nozul ɗin da za a saya.